Kafin Ka Zaɓi Gwani Tsakanin Sin da Amurka

 Ɗana, labari ya iso ni cewa bakin shagonka ya zama majalisa, kullum bayan la'asar sai an tafka muhawara, waɗansu na bayan Sin, waɗansu na bayan Amurka, har takan kai ga ɗaga murya. An ce kai kana cikin masu cewa Amurka ta gama yayi, zamani ya koma hannun Sin, kuma da zarar biza ta fito Guangzhou za ka nufa. Tafiya ban ga laifinta ba, Bakatsine bai gaji tsoron hanya ba. Sai dai ina so ka ba ni aron hankalinka kaɗan. Garin nan da aka binne cibiyarka ya taɓa zama mai tasowa da ke neman ture babba, ya kuma taɓa zama babban da aka ture. Duk wanda ya san abin da ya gudana tsakaninmu da Kano ba zai yi gaggawar yanke hukunci a kan waɗannan manya biyu ba.

Ran da ka sami sarari ka bi ta Gobarau, ka tsaya gindin hasumiyar nan ka ɗaga kai. Ginin ƙasa ne, tubali da azara, ga shi nan tsaye yana kallon gari tun kakannin kakanninmu. Ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau da sarakunan da suka biyo bayansa, lokacin da Shehu Magili ya ratso ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15. A wancan zamani Kano ce yaya a sha'anin kasuwa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa. Katsina kuwa tasowa take yi, kuma ta fi kusa da bakin hamada, ayarin da ya gangaro daga Azbin ita yake fara tararwa. Garuruwa biyu suna jiran raƙuma ɗaya a kan hanya ɗaya. Tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Rumfa aka fara yaƙi da Katsina, aka shekara 11 ana gwabzawa, ba wanda ya kai wani ƙasa.

Daga nan gaba ta zama abin gado. A zamanin Sarkin Kano Abubakar Kado, Katsinawa sun kai har bakin ganuwar Kano, suka yi sansani a Salanta. Daga baya Kutumbi ya rama, ya zo ya tsare Katsina wata tara, ya koma da ganima mai yawa. Da ya sake dawowa aka tarwatsa rundunarsa, bai jima ba ya rasu a 1648. Sai wajen 1650, zamanin Shekarau, malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu. Ka lissafa da kanka: sama da shekara 150 ana zubar da jini, ana ƙona amfanin gona, ana kama 'ya'yan talakawa bayi. Da ƙura ta lafa, Kano na nan inda take, Katsina na nan inda take. Ba a ko gama numfasawa ba sai ga Kwararrafa daga kudu, ta auka wa Kano a 1653, ta sake dawowa wajen 1671, mu ma ba ta ƙyale mu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, tun da takobi bai raba gardama ba, me ya ɗaga Katsina har ta zama uwar kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 18? Wani dalilin daga nesa ya zo. A 1591 sojojin Maroko suka karya daular Songhai a Tondibi, hanyoyin Timbuktu da Gao suka rikice, fatake suka karkato gabas, ta Ghadames da Ghat da Agadas, wannan hanya kuwa a ƙofarmu take sauka. Ɗaya dalilin, Kano ce ta yi wa kanta. Sarki Kumbari, wanda ya hau a 1731 kuma ya sha fama da yaƙin Gobir, ya ɗora wa kasuwar Kurmi haraji har ta kusa mutuwa, ya kai ga karɓa a hannun malamai. Larabawan da ke zaune a Kano suka naɗe tabarmarsu suka dawo Katsina, talakawa suka watse cikin ƙauyuka. Ba kibiya ɗaya da aka harba daga nan, amma abin da muka samu a wannan shekarun ya fi duk abin da yaƙin shekara 150 ya kawo mana.

Ka dubi sunayen tsofaffin unguwanninmu, su ma shaidu ne. Albaba ta Larabawa, Gambarawa, Masanawa ta zuriyar Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Ga Ɗan Marina, wanda har yau garin ke amsa sunansa a kirari. Ga Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi, da ya bar nan ya je ya koyar a Alƙahira har ya rasu can a 1741. Ganuwarmu ta kai kewayen mil 13. Inda dukiya ta sauka, malamai kan biyo, inda malamai suka zauna, baƙo kan amince ya ajiye kayansa don ya san akwai alƙali. A wancan lokaci da ka ce wa Bakatsine wata rana Kano za ta sha gabansa, da dariya zai yi maka.

Amma ta sha. Yaƙin Gobir ya fara gajiyar da mu tun zamanin Bawa Jan Gwarzo. Sannan jihadin Shehu Usmanu, Allah ya ƙara masa yarda, ya zo, Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birni a 1807. Ba jihadin nake taɓawa ba, abin da ya biyo baya nake so ka duba. Tsofaffin sarakuna suka yi arewa, Ɗankasawa ya kafa Maraɗi, daga nan Katsina ta zama bakin daga. Kusan ƙarni guda, ba a rufa shekaru ba tare da hari ba. A zamanin Sarki Siddiku, bayan tawayen yankin Ruma, garuruwa da yawa suka zama kufai, daji ya cinye gonaki. Baƙon da ya ɗauko dukiyarsa daga Tarabulus, ya shafe wata biyu ko uku a hamada, ba zai sauke ta a garin da ake kwana da kwari da baka a kai ba. Sai ya wuce Kano, wadda take can tsakiyar daula, Ibrahim Dabo ya kwantar da tarzomarta tun daga 1819, ga kuma kasuwa buɗe daga Sakkwato har Adamawa.

A farkon 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shigo Katsina. Ya ƙiyasta cewa birnin da ganuwarsa za ta iya ɗaukar mutum 100,000 bai wuce mutum 7,000 zuwa 8,000 ba, sauran fili gonaki ne da kangaye. Da ya isa Kano ya ƙiyasta mazauna 30,000, kuma sukan ninka a lokacin ciniki. Abin da ya fi jan hankalinsa a Kano shi ne wanda nake so ya ja naka. Mu, yawancin arzikinmu na masauki ne da dillanci: kaya ya zo, mu sauke, mu sayar, ya wuce. Kano kuwa saƙa take yi da rini. Mace na kaɗi a tsakar gida, masaƙi na zaune a rami, marini na tsoma zane a baba, mabugi na bugu har turkuɗi ya yi ƙyalli. Barth ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, yana kaiwa har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Mai masauki, in hanya ta kauce masa, shi ke nan. Mai sana'a kuwa hanya ce ke nemansa. In kana son ka bi wannan labari daki-daki, nemi littafin da marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya wallafa a 1981 kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883.

Abin da ya rage, dogo ya ƙarasa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus, ayarin hamada ya mutu. Gyaɗa ta zama sarauniya, su Alhassan Ɗantata suka tara dalar gyaɗa. Funtuwa ta sami dogo daga baya, birnin Katsina bai samu ba har yau da nake maka wannan magana.

Yanzu ɗauki wannan ma'auni ka auna manyan naka. A Disambar 2001 Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, da yardar ita kanta Amurka. Kamfanonin Amurka da na Turai suka kwashi masana'antu suka kai can, don arhar ƙwadago. Mutanen Sin suka duƙufa, suka koya, suka kwaikwaya, suka zo suka fi masu koya musu a abubuwa da yawa. A 2010 suka wuce Japan suka zama na biyu a ƙarfin tattalin arziki, yau kuma kusan kashi 30 cikin 100 na abin da masana'antun duniya ke ƙerawa daga can yake fitowa. A nan kana da gaskiya, ɗana: ta hanyar da Kano ta bi ta wuce mu, ta nan Sin ta biyo, wato aikin hannu.

Da Amurka ta farga, sai ta ɗauko makamin haraji. Trump ya fara a 2018. A 2019 aka sa wa kamfanin Huawei takunkumi. A Oktoban 2022 gwamnatin Biden ta hana sayar wa Sin manyan ƙwaƙwalen kwamfuta da injinan ƙera su. A Afrilun 2025 harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Sin ya kai kashi 145 cikin 100, Sin ta rama da 125, ta kuma ƙuntata fitar da waɗansu ma'adanai da masana'antun Amurka ba sa iya aiki sai da su. Wata guda kacal suka jure, a watan Mayu suka zauna a Geneva suka sassauta. Duk lokacin da na ji irin wannan labari sai in tuna Kumbari. Haraji mai nauyi yakan fara cizon kasuwar mai shi kafin ya kai ga abokin gaba.

Inda nake so ka sassauta shi ne wajen yi wa Amurka jana'iza tun tana numfashi. Babba ba ya faɗuwa rana ɗaya, kuma ko ya sauka daga kan gaba, akwai abin da ba ya barin hannunsa da wuri. Mu da muka rasa kasuwa ba mu rasa ilimi ba. Sarki Muhammadu Dikko ya gane haka, ya rungumi makaranta, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, kuma daga cikinta Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka fito suka riƙe Arewa da Nijeriya. Amurka ma tana riƙe da manyan jami'o'i, da fasahar zana ƙwaƙwalen kwamfuta, da rundunar ruwa da ke yawo a kowane teku, uwa uba da dala, wadda a 2024 kusan kashi 58 cikin 100 na ajiyar kuɗin waje na ƙasashen duniya a cikinta yake. Tana da ciwonta: bashin da ke kanta ya haura dala tiriliyan 35, kan 'yan siyasarta a rabe yake. Sin ma tana da nata: tun 2022 yawan jama'arta ya fara raguwa, tsofaffi na ƙaruwa, manyan kamfanonin gine-ginenta irin su Evergrande sun durƙushe da bashi. Wanda zai ce maka ya san yadda za ta kaya nan da shekara 30, gaibu yake taɓawa.

Ba sai ka je nesa ba, ciro wayar da ke aljihunka. In Tecno ce ko Itel ko Infinix, kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion, na birnin Shenzhen. Amma manhajar da ke tafiyar da ita, Android, ta Google ce ta Amurka. WhatsApp ɗin da kake karɓar odar kwastoma da shi na Amurka ne, TikTok ɗin da yaran shagonka ke kallo na Sin ne. Cikin tafin hannunka su biyun suke zaune, kowa na cin rabonsa. Haka in ka tashi sayo kaya: ƙafarka Guangzhou za ta, amma sai ka fara bi ta wurin 'yan canji ka sayi dala. Ka tuna abin da ya same ku bayan Yunin 2023, da aka saki naira. Dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Jarin da jiya yake cika kwantena ya dawo ba ya cika rabi. Akwai yarjejeniyar musayar naira da yuwan da aka ƙulla tun 2018, aka sabunta a ƙarshen 2024, amma kai ka fi ni sanin ko ta iso kan teburin ƙaramin ɗan kasuwa. Mai saye a hannun wannan da kuɗin wancan, ina ya ga ta zaɓen gwani?

Shi ya sa muhawarar taku take ba ni tausayi. Kun zama kamar 'yan kallo a gidan dambe, wannan na Kudu, wancan na Arewa, ana ihu ana tsalle, in an tashi 'yan dambe su tafi da kari, ɗan kallo ya koma gida ya ma biya kuɗin ƙofa.

Kuma don Allah kada in ji bakinka ya yi fatan su gwabza. Wani malamin jami'ar Harvard, Graham Allison, ya bi tarihin shekara 500 ya tsamo lokuta 16 da mai tasowa ya tunkari babba, 12 daga ciki da yaƙi suka ƙare. Abin da yakan jawo shi tsoro ne: babba na tsoron a ƙwace masa, mai tasowa na tsoron a danne shi kafin ya miƙe. Haka ta faru tsakanin Ingila da Jamus har aka kai ga 1914. Yau ga tsibirin Taiwan a tsakani, inda ake ƙera mafi yawan ƙwaƙwalen kwamfuta masu inganci na duniya, kuma Sin da Amurka kowaccensu tana da makamin ƙare-dangi. Ka ga dai yaƙin Rasha da Yukiren na 2022, ko taswirar wurin yawancinmu ba mu sani ba, amma sai da ya shigo mana har cikin buhun taki da farashin burodi. Ina ga waɗannan biyu? Cikin huɗun da suka tsira a lissafin Allison akwai Ingila da Amurka, da suka miƙa wa juna ragama ba tare da jini ba. Mu ma sulhun 1650 masu ilimi ne suka ƙulla shi, bayan masu takobi sun gaji. Irin wannan za ka roƙa musu, don kanka.

Kada kuma ka ɗauka ɗayansu kawunka ne. Dubi maƙwabta. Agadas ɗin nan da ayarinmu ke bi, a can Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa, ta kashe sama da dala miliyan 100. A Maris na 2024 sojojin da ke mulkin Nijar suka soke yarjejeniyar, kafin ƙarshen Satumba sojojin Amurka sun fice. Kamfanin mai na Sin, CNPC, shi ke haƙo man Agadem, shi ya gina matatar Damagaram da ta fara aiki a 2011, shi ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Amma a Maris na 2025 gwamnatin Nijar ta kori manyan jami'an kamfanonin man Sin su uku, a kan bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Kowa abin da ya kawo shi yake nema, kuma wannan ba abin zargi ba ne, haka ciniki yake. Abin zargi shi ne mai gida ya zauna bai san abin da yake so ba.

A nan gida Sin ta yi ayyukan da ido ke gani: dogon Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, tashar jiragen ruwa ta Lekki, madatsar Zungeru. Ba na raina su, na hau jirgin Kaduna na ji daɗinsa. Fitilar sola da ke hannun ɗalibi a ƙauye, da injin ban-ruwa mai arha a hannun mai lambu a Ajiwa, alheri ne. Amma yawancin manyan ayyukan da bashi aka yi su, kuma bashi hanji ne, sai dai a san wanda za a ci da abin da za a yi da shi. Cinikinmu da Sin ya haura dala biliyan 20 a shekara, kaso mafi tsoka kuwa kayansu ne ke shigowa. Duk lokacin da Amurka ta rufe musu ƙofa, kayan da suka rasa kasuwa a can irin kasuwanninmu suke nema. Mai saye ya ji daɗi, mai ƙerawa a gida ya rufe shago.

Wannan shi ke sa ni baƙin ciki in na shiga Kantin Kwari. Kanon da ta wuce mu da saƙa da rini, yau atamfa da shadda da leshin da ke jibge a rumfunanta yawanci daga Sin suke. Masaƙar Kaduna ta farko, da aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, babbar ta UNTL ta biyo baya a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Audugar Funtuwa da Malumfashi da Bakori ta rasa mai saye na kirki, manoma suka koma masara da waken suya. Ba Sinawa ne suka kashe mana wutar lantarki ba, ba su suka buɗe iyaka ga fasa-ƙwauri ba. Mu muka yi sakaci, su suka tarar da ƙofa a buɗe. Har jakunanmu sai da aka bi, ana saye a kasuwannin kan iyaka ana yankawa don fata, ana kai wa masu haɗa magani a Sin, har jaki ya fi ƙarfin talakan da ke ɗaukar taki da ruwa da shi. Sai a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta haramta wannan ciniki. Wanda ba ya sarrafa komai, abin da ke tsakar gidansa yake sayarwa, har ya kai ga abin hawansa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, shi ne ainihin abin da ya sa na kira ka. Abin da ya kori fatake daga Katsina shekara 200 da suka wuce ya dawo, kuma a wuri guda. Dajin Rugu da ya cinye garuruwan Ruma, yau shi ne maɓoyar 'yan bindiga. Batsari, Safana, Ɗanmusa, Jibiya, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa: manomi ba ya zuwa gona sai da fargaba, wani wurin sai ya biya kafin ya girbe abin da ya shuka. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a dare ɗaya. Ka dubi matan da ke zaune a bakin titunan birni da yara a hannu, ka tambaye su daga ina, za su faɗa maka sunan ƙauyen da jiya yake ciyar da mu. Ga iyakar Jibiya da aka rufe daga 2019 zuwa 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, 'yan'uwa na Maraɗi da na Katsina suka koma bin ɓarauniyar hanya don su gaisa. Ba Basine ba Ba'amurke, ba ma Bakano ba, da zai kafa masana'anta inda ba a kwana da ido biyu rufe. Ko wane ne ya yi nasara a can sama, in nan bai zauna ba, wucewa za a yi ta kanmu kamar yadda ayari ya wuce a zamanin Barth. Saboda haka in za ku ɗaga murya a majalisa, ku ɗaga ta a kan wannan. Ku tambayi wanda ya zo neman ƙuri'arku me ya tanada wa hanyar Batsari, ku taimaki ɗan gudun hijirar da ke unguwarku, ku ja yaran da ke zaman banza ku koya musu sana'a kafin daji ya ja su.

Ga kuma wata dama tana tafe. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke aikin, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa na wani kamfanin gwamnatin Sin ne, ka ga yadda dukiyar duniya ta cuɗe. In Allah ya sa aka gama, dogon da ya tsallake mu a 1911 ya iso ke nan, bayan sama da shekara 100. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, me za mu loda masa? In tarago zai zo cike da kayan waje ya koma wayam, to mun sake zama masu masauki, kuma ka ji yadda masauki ya ƙare da kakanninmu.

Don haka je ka Guangzhou, da izinina da addu'ata. Amma kada ka ƙare kwanakinka a kantunan waya kaɗai. Ka roƙi wanda ke yi maka tafinta ya kai ka masana'anta, ka tsaya ka ga yadda ake haɗa abin da kake saye, hannu nawa yake bi, wane ɓangare ne za a iya yi a nan. Ka tambayi kuɗin injin tsabtace riɗi, da na matsar man gyaɗa, da na busar da tumatir, ka rubuta, ko ba bana za ka saya ba. Ƙanenka da ya gama sakandare, kada ka tsayar da shi yana miƙo caja a kanta, ka biya masa ya koyi gyaran sola da haɗa batir har ya ƙware, in ya sami gurbin karatu a Sin ko a Amurka, duk wadda ta buɗe ƙofa ya shiga, da sharaɗin ya dawo. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, ka nemi wanda ya iya harshen kuma yake tsoron Allah ya karanta maka. Kada ka zuba jarinka duka a kwantena ɗaya, kada ka dogara da dila ɗaya ko ƙasa ɗaya, Indiya da Turkiyya ma suna ƙera kaya. In ka yi odar kaya, ka biya kuɗin mai kyau ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ka kawo. Yawancin abin da ake rainawa da sunan ɗan Chana, mutanenmu ne suka je suka ce a yi musu mai arha. Kuma ka riƙe sallarka a kan lokaci, akwai masallatai a garin, akwai inda ake sayar da abincin halal.

Kafin ka tashi ka biya ka sallami mahaifiyarka da kyau, ka bar wa iyalinka abin da zai ishe su har ka dawo, ka rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi ka damƙa wa amintacce. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya zaunar da ƙasarmu.